Fadar Versailles da waɗanda suka biya kuɗinta

Tun shekaranjiya wata magana ke cina. Ƙanena ne ya turo mini hotunan fadar Versailles ta Faransa, da zauren nan mai madubi 357, da lambunan da ido ba ya kai wa ƙarshensu, sannan ya rubuta cewa ga irin abin da ƙasa ke samu idan aka bar mutum ɗaya ya yi mulki ba mai ja da shi. Na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, shi ya sa zan amsa masa a nan kowa ya gani.

Ba zan tauye wa Sarki Louis na 14, wanda ya gina wannan fada, haƙƙinsa ba. Ba malalaci ba ne. Ya hau gado a 1643 yana ɗan shekara huɗu, ya shekara 72 a kai. Da babban wazirinsa Mazarin ya mutu a 1661, sai ya ce ba zai naɗa wani ba, shi zai riƙa duba komai da kansa, kuma ya cika alkawari. Na kuma fahimci abin da ya sa ya tsani a ja da shi. Yana yaro manyan ƙasa da alƙalan Paris suka yi tawayen da ake kira Fronde. A Janairun 1649 cikin dare aka sulale da shi daga birnin, kuma a wannan watan ne aka sare kan mijin gwaggonsa, Sarki Charles na 1 na Ingila. A 1651 mutanen gari suka taru a fada don su tabbatar ba a sake gudu da shi ba, aka bar wasunsu suka shiga har ɗakin kwanansa, shi kuwa ya rufe ido kamar mai barci suna tsaye a kansa. Shekararsa goma sha biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

To amma dubi abin da tsoron nan ya haifa. A 1682 ya kwashe fada ya mayar Versailles, ya mai da jikokin mayaƙa fadawa. Kowace safiya akan taru a ɗakinsa a ga tashinsa daga barci, ana shiga rukuni-rukuni gwargwadon daraja, kuma wanda ya fi kowa girma a ɗakin shi ke miƙa masa taguwa. Da dare shi ke zaɓar wanda zai riƙe masa kyandir, wanda aka zaɓa ya kwana da murna. Mai ƙasa da dakaru a lardinsa ya koma yana lissafin wa sarki ya kalla yau. In aka nema wa wani alfarma alhali ba ya zuwa fadanci, amsar sarki ita ce wannan mutum ne da ba ya gani. Duk wanda abincinsa ke rataye da murmushin mutum ɗaya ba zai faɗa masa gaskiya mai ɗaci ba.

Sauran ƙofofin ma an toshe su. Majalisar wakilan ƙasa rabonta da zama tun 1614, kuma bai taɓa kiranta ba. A 1673 ya umarci manyan kotuna su fara sa hannu a dokokinsa tukuna, in suna da ƙorafi su kawo daga baya. Ministan kuɗi Fouquet, kotu ta yanke masa kora daga ƙasa, sarki ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Bishop Bossuet kuma yana koyar da cewa sarki ba ya amsa tambayar kowa sai ta Allah.

Ga inda nake so ƙanena ya tsaya ya yi tunani. Ikon nan da ake cewa ba shi da iyaka, ba kan kowa ya sauka daidai ba. Sarki ya san bai iya mulki ba tare da manya ba, sai ya saye su. Babban harajin ƙasa bai hau kan yawancin masu sarauta da shugabannin coci ba. Muƙaman gwamnati sayar da su ake yi, mai kuɗi ya saya ya bar wa ɗansa gado, sau da yawa har da kuɓuta daga haraji. Wa ya rage ke nan? Manomi. Shi ke biyan haraji, shi ke ba coci rabonta daga amfanin gona, shi ke biyan mai ƙasa, kuma a wasu larduna dole ya sayi gishirin gwamnati da tsada ko yana so ko ba ya so.

A 1685 sarki ya soke dokar Nantes da ta bai wa 'yan Furotesta 'yancin addini tun 1598. Tun kafin nan ana jibge sojoji a gidajensu, su ci su sha su yi ɓarna har sai mai gida ya bar aƙidarsa. Kimanin mutum 200,000 suka tsere zuwa Holan da Ingila da ƙasashen Jamus, masaƙa da 'yan kasuwa da sojoji, suka kai wa abokan gabansa sana'arsu. Fada kuwa tafi ta yi ta yi masa. A shekarar ce kuma ya sa hannu a dokar da ta tsara bautar da baƙar fata a tsibiran Faransa na yankin Karibiyan, kuma wannan ban iya karanta shi zuciyata ba ta ɓaci ba.

Cikin shekara 54 da ya yi yana mulki da kansa, kusan 30 a yaƙi suka tafi. A 1689 sai da aka narkar da kujeru da teburan azurfa na Versailles don a biya sojoji. Yunwar 1693 zuwa 1694 ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a ƙasa mai kusan miliyan 20, yaƙi kuma bai tsaya ba. Ingila, wadda ba ta kai rabin Faransa yawan jama'a ba, tana samun bashi cikin sauƙi bayan juyin mulkin 1688 da ya ƙara wa majalisarta ƙarfi, saboda masu ba da rance sun san majalisa ce ta tsaya wa bashin, ba ra'ayin mutum ɗaya ba.

Mutumin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Vauban. Injiniyan soja ne, shi ya gina wa sarki ganuwoyi a iyakokin ƙasa, ya ci masa garuruwa, har ya kai babban muƙamin soja na mashal. Shekara da shekaru yana keta ƙauyuka yana ganin yadda talaka ke rayuwa, ya ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na jama'a bara suke yi. Da ya tsufa sai ya rubuta littafi yana ba da shawara cewa a sa haraji guda kan kowa, mai sarauta da talaka, wanda ba zai wuce ushirin abin da mutum ke samu ba. Ba ɗan tawaye ba ne, bawan sarki ne da ya ba da ƙuruciyarsa. A Fabrairun 1707 majalisar sarki ta ba da umarnin a ƙwace littafin, a ƙarshen Maris dattijon ya rasu. Bayan shekara uku, da baitulmali ya ƙafe, sarki ya sa harajin ushirin da kansa, shugabannin coci kuma suka biya kuɗi a dunƙule aka cire su daga ciki.