Mun adana takobi, alƙalami kuwa mun bar wa gara

Ranar da aka raba gadon kakana a Jega, a kan gonar fadama aka yi ta kai ruwa rana. Adakar ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa ba wanda ya ko kalle ta. Sai bara gwaggona ta jawo ta, ta ce, "Ɗan nan, duba mini, in ba abin kirki a ciki a ba mai ƙosai takardun."

Na buɗe. Gafaka ce, da kurtun tawada da ya bushe ƙamas, da alƙaluman gamba uku, da tabarau mai ƙafa ɗaya an ɗaure da zare. A cikin gafakar, waƙoƙin da ya rubuta da ajami zamanin Turawa, kan haraji da jangali da aikin dole. Gara ta ci rabinsu. A wani baiti ya soke kalma ɗaya har sau uku kafin ya samu wadda ta hau ƙafiya. Wallahi wannan sukar ta fi taɓa ni a kan waƙar kanta, don a nan na ga mutumin yana gumi.

Ku je gidan tarihi na Kanta a Argungu. Ginin na 1831 ne, fadar sarki ce har 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. Za ka ga makamai da kayan kamun kifi, ga kaburburan sarakunan Kabi. Madalla da haka. To amma wanda ya yi yaƙinsa da baiti fa? Mu da muke alfahari da Malam Abdullahin Gwandu, wanda shi kansa mawaƙi ne, bai kamata a koya mana darajar tawada ba. A Jegar nan aka haifi mawaƙi Aƙilu Aliyu a 1918, ya yi siyasar jam'iyyar NEPU, Kano ta rungume shi. Tambayi ɗan sakandare a garin nan ko ya san nasa ne, ka sha mamaki.

Na san abin da wasu za su ce: ajiye kayan mamaci hanyar shirka ce. Haba malam! Ba shafa za mu yi don neman tabarraki ba. Tabarau ne kawai, yaro ya gani ya san da ido mai rauni da fitilar aci-bal-bal aka rubuta abin da yake haddacewa.

Kuma kada mu jira gwamnati. Ɗaki guda a fadar hakimi, kabad mai gilashi, maganin gara, sai amanar iyalai. Amanar ce ma mai wuya, don kowa na tsoron ya bayar a sayar.

Takardun dai na ɗauke su hoto da waya, na naɗe su a sabon ƙyalle. Tabarau kam gwaggo ta hana. Ta ce da shi Baba yake zura mata zare a allura.