Ita ta tafi ginin tukwane, ni na koma bakin aiki

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi wa wata Baturiya da muke aiki tare walimar bankwana. Gidan kula da tsofaffi ne a wani gari na arewacin Ingila. Ita nas ce, ta fi shekara goma sha biyar a wurin, albashinta ya kusa ninka nawa. Ba korarta aka yi ba, lafiyarta kuma ƙalau. Wai ginin tukwane za ta koma.

Ɗakin hutun ma'aikata ɗan tsukuku ne, da firji da butar lantarki da abin ɗumama ɗaki manne da bango. Ƙarfe huɗu na yamma, amma waje ya yi duhu kamar bayan isha'i, ga yayyafin nan nasu da ba ya yankewa. Aka kawo kek, aka zagaya da wani ƙaton kati kowa ya rubuta mata fatan alheri, har da balan-balan kamar sunan jariri. Ta ciro waya tana nuna mana ɗakin da ta gyara a bayan gidanta, da abin gasa tukwane mai aiki da lantarki, da wasu kofuna shuɗaye da take sayar da ɗaya fam 25. Na tuna matan da ke kawo randa kasuwa a garinmu, da abin da ake taya musu. Ana ta tafi, ana yaba jaruntarta. Sai ta juyo ta tambaye ni, ni fa, wane aiki raina yake so? Na ce raina yana so in biya kuɗin makarantar ƙannena kafin wata ya ƙare. Ta langaɓar da kai, ta yi mini kallon da ake yi wa maraya ranar sallah.

Kallon nan har yau bai sake ni ba.

Ban ce ta yi laifi ba, mutuniyar kirki ce. Amma wanda ya diro daga katanga bayan an shimfiɗa masa katifa, bai kamata ya koya wa kowa jarunta ba. In tukwane suka ƙi ciniki, asibiti kyauta ne a ƙasarsu tun 1948 da aka kafa NHS, hukumar kiwon lafiyarsu. 'Ya'yanta na makarantar gwamnati, ba ko sisi. In abu ya yi tsanani akwai tallafin gwamnati, aikin nas kuma ba ya ƙarewa. Ba wanda zai kira ta da asuba kan kuɗin taki. Ni bizata a ɗaure take da wurin aikin nan, in na ajiye, kwana 60 ake ba mutum ya samu wani ko ya tattara komatsansa. A takardata an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ni da rabo a tallafin gwamnati. Baki goma sha ɗaya ke ci a albashina can Argungu.

Abin haushin, maganar ta riga ni isa gida ta waya. Ƙanena ya ce zai bar shagon Kawu ya koma ɗaukar hoto, wai "Yaya, shi nake so." Na ce masa ya so shi da yamma bayan an rufe shago, in hoton ya fara ciyar da shi sai mu yi magana. Ya yi fushi, kwana uku bai ɗaga wayata ba.

Mu a wurinmu iyawa ke zuwa da fari, so ya biyo baya. Ɗan gidan masu ɗori a Aliero ba a tambayarsa ko yana sha'awar karaya. Ɗan masunci tun yana tsirara yake kan gora. Amma ka je kogin Matan Fada na Argungu ranar bikin kamun kifi, ka ga yadda dubban mutane ke rugawa ruwa da homa da an buga bindiga, ka ce mini ba sa son sana'arsu. Baba kan ce, "Aiki ba mata ba na, da za a ce sai ka so shi." Ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafa tas, ruwa na janyewa ya nemi injin ban ruwa ya shiga noman rani. Na sani, akwai waɗanda gado ya danne wa baiwa, na san wasu ma. Amma Turawan nan da suka samu zaɓi, ga iyayensu a hannunmu, wani sai ya yi wata biyu ba wanda ya leƙo shi.

Gaskiyar magana, ba amsar da ta fara zuwa bakina na ba Baturiyar ba. Fadama na fara tunawa, lokacin da shinkafa ta nuna, tsuntsaye na sauka muna kora. Kaka huɗu ke nan ban gani ba. Kullum awa goma sha biyu ina yi wa mahaifin wani wanka, in yanke masa farce, in ba shi abinci a baki, nawa kuwa gwiwa ta hana shi zuwa gona sai 'yan ƙwadago. Shekaranjiya ya tambaye ni yaushe zan zo. Na ce bayan sallah in Allah ya yarda. Ya ce wace sallar?