Ba Sai Maƙoƙo Ya Fito Ba

A Gusau da kewaye, da yawa sun ɗauka in wuya bai kumbura ba, to tayirod lafiya lau take. Ba haka ba ne. Wannan 'yar halitta da ke gaban maƙogwaro tana iya gaza samar da sinadarinta, wuya kuma sumul.

Matsalar ta fi kama mata, wani lokaci bayan haihuwa. Za ka ga mace kullum a gajiye, tana jin sanyi ko a zafin Afrilu, ga ƙiba, fata ta bushe, gashi na zuba, al'ada ta rikice. Sai dangin miji su ce son jiki ne, wasu su ce sammu. Abin yana min ciwo, domin gwajin jini na TSH, wanda ke nuna yadda tayirod ke aiki, shi ne ke raba gardama.

Maganin, lebotayiroksin, ana shan sa kullum minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a raba shi da maganin ƙarin jini da awa 4. Yawanci na tsawon rai ne, kada a daina don an ji sauƙi. Bayan sati 6 zuwa 8 da farawa a sake gwaji. Mai juna biyu ta sanar da likita da wuri, galibi ana ƙara mata adadin.