Cinikin Biri a Sama

(Alhamis ce, la'asar sakaliya, a teburin mai shayi na wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Dillali ya dawo daga kara yana kaɗe ƙura. Injiniya mai gyaran rediyo da cajin waya ya rufe shago. Ladan na jiran magariba, Sarkin Kiɗa kuwa na gefe da kalangu a hammata. Sai ga jikansa Sale a bayan acaɓa, ya rungumo kwali kamar jaririn goye.)

SALE: Mai Shayi, haɗa wa kowa mai kauri, ni zan biya! Kuma daga yau ku riƙa kira na Dije.

SARKIN KIƊA: Innalillahi! Mun yanka rago mun raɗa maka Salihu, ka shiga Gumel da hantsi ka dawo Hadizatu?

SALE: Kai Tsoho, ba Dijen mata ba. DJ, mai sa kiɗa da na'ura a gidan biki. Zamanin matse kalangu a hammata ya wuce. Yau da dare ma ni zan yi wasan 'yar Mai Unguwa, har na karɓi rabin kuɗi.

DILLALI: Mene ne a kwalin?

SALE: Amfilifaya da makirfo. Yanzu na karɓo su hannun direban da ya taso daga 'Yankaba. Daga kan tabarmata na yi cinikin nan, a waya, ko takalmi ban sa ba.

MAI SHAYI: Kamar yadda ka sayi fiyano bara ke nan? Har yau ina jiran in ji muryarta, ita da kuɗin shayina na lokacin.

SALE: Wannan ai tsautsayi ne.

SARKIN KIƊA: A'a, ba su labari, Dillali ba ya gari aka yi. Buhun riɗi ya sayar, ya ce zai sayo Yamaha. Na yi murna na ce yaro ya yi hankali zai fara acaɓa. Ashe wai Yamahar kiɗa ce. Yaushe babur ya fara kiɗa?

INJINIYA: A nan kam Sarki, yaron ya fi ka gaskiya. Mutanen Japan ɗin nan da kayan kiɗa suka fara tun 1887, babur sai 1955 ya zo. Dubi tambarin da ke jikin tankin, ƙarafa uku ne na saita muryar kayan kiɗa aka gicciya.

SARKIN KIƊA: Shi ya sa salansarsa ke da zaƙi. To ina fiyanon?

SALE: (Ya sunkuyar da kai.) Hotonta na gani, fes da ita, kuɗinta bai kai rabin na Sabon Gari ba. Mai ita ya ce shi soja ne, an yi masa canjin wurin aiki, gobe zai tashi, mutum uku na layi. Ya ce in turo naira 20,000 kafin alƙalami da kuɗin mota. Na tura. Ya ce an tare kayan a hanya, in ƙaro 5,000. Na ƙara.

DILLALI: Sai kuma?

SALE: Sai wata mata ta fara ɗaukar wayar, kullum maganarta ɗaya, wai lambar da na kira a kashe take.

DILLALI: Cinikin biri a sama ke nan! Ɗan nan, shekarata talatin a karar Maigatari, ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗin raƙumi saboda an zana masa shi a ƙasa ba. Sai ka buɗe baki ka ga haƙori, ka ɗaga ƙafa, ka kora shi ya yi tafiya. Kuma duk mai ce maka "yi sauri, wani na jira", to dabbarsa tari take yi, so yake ka tafi kafin ta yi na biyu. Wace kasuwa ce ma wannan?

SALE: Suna da yawa. Akwai ta Facebook, akwai zaurukan WhatsApp, akwai Jiji.

SARKIN KIƊA: Jiji? Ka ji ko! Mu iyayenmu cewa suka yi gani ya kori ji. Kai ka tsallake gani, ka tafi ji har sau biyu.

INJINIYA: Sarki, kar ka ɗora wa kasuwa laifi. Su masu Jijin da kansu sun rubuta a jikin talla cewa kar ka biya kafin ka ga kaya, ko da kuɗin mota ne, kuma ku haɗu a bainar jama'a. Sale ne ba ya karanta komai sai farashi. Ni ma a waya nake samo kayan gyara. Sai dai in fiyano ce, kiran bidiyo za mu yi, in ce ya rubuta sunana a takarda ya ajiye a kanta, don hoto kowa na iya satowa. Sannan ya danna min maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe, ina ji. Ya juya ta in ga lambar da ke gindinta, ya nuna min adaftarta ta asali. In ya ce kyamararsa ta lalace, ni ma asusuna ya lalace.

MAI SHAYI: In kuma a Kano kayan suke?

INJINIYA: Ka hau mota mana, ko ka tura ɗan'uwa mai kunne. Kuɗin motar Kano ai bai kai buhun riɗi ba.

SALE: Ku kuna magana kamar ni kaɗai aka taɓa yi wa. Shi Tsoho ba don Allah ya kiyaye ba, da yanzu da tafi yake kiɗa.

SARKIN KIƊA: Ƙarya kake, abokina. Faɗi daidai. Ɗan neman nan ne ya ɗauki hoton ɗaya kalangun nawa ya sa a waya ban sani ba. Wai har ya rubuta "sabo dal". Kalangun da ya girmi ubansa!

LADAN: Subhanallahi. Ai ɓoye aibin haja haramun ne, Salihu. In akwai tsaga a kango ka ce akwai, in tsarkiya ta tsufa ka faɗa.

SARKIN KIƊA: Kangon lafiya lau yake, icen ƙirya ne, gara ma gaishe shi take ta wuce. Fatar ce ke son canji, kuma na gaya wa mai sayen da bakina. Wani ɗan gaye ne ya zo da mota, ko tayi bai yi ba, ya ce ya saya. Tun nan na sha jinin jikina, don Bahaushen da bai ce "rage min" ba, ba shi da niyyar biya. Ya latsa waya, wayar Sale ta yi ƙara, Sale ya yi tsalle wai alat ya shigo.

SALE: Saƙon fa sak irin na banki ne, har da sunana.

SARKIN KIƊA: Na ce ni ban yi boko ba, kuɗin da ba zan lasa yatsa in ƙirga ba ban san shi ba. Mu je wajen yaron POS ya zaro min su. Ɗan gaye ya ce bari ya juyo da mota. Har yau juyawa yake.

INJINIYA: Saƙon tes kowa na iya ƙirƙirarsa, hoton rasit ma haka. Manhajar bankinka za ka buɗe ka ga kuɗin sun zauna, kafin kaya su bar hannunka.

MAI SHAYI: Wato mai sakandare ya faɗa, wanda ko alif bai sani ba ya tsallake.

LADAN: Alif kam ya sani, tare muka yi allo. Daga nan ne dai ya gudu.

SALE: Duk wannan tsohon zance ne. Wannan karon wayo na yi. Sai da direba ya kira ni ya ce kwali na hannunsa sannan na tura naira 85,000. Ɗan Beljiyam ne, wat 5000! Mai Shayi, tada janareta, yau har Nijar sai sun ji.

INJINIYA: Tsaya! Direban kwali ya gani ko abin da ke ciki? Miƙo nan. Kar ka ƙara jona abin da ba ka karanta bayansa ba. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120. Wani ya taɓa kawo min tasa daga can, bai sa mata abin rage wuta ba, ya jona. Waƙa ɗaya ta yi a rayuwarta, "fat", sai hayaƙi. (Ya juya ta, ya kanne ido.) To, wannan irin wutarmu take ci. Amma wat 5000 ɗin nan sitika ce aka manna, ga gefenta na ɗagowa. Janaretan Mai Shayi ko 1000 ba ya bayarwa. Lambar gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, sauran duk kirari ne.

SARKIN KIƊA: Kirari kuwa sana'armu ce. Na sha ce wa mutum giwa alhali ko tunkiya ba shi da ita.

(Injiniya ya kai hanci jikin ramukan iska yana sunsuna. Duk mai gyaran da ya san aikinsa da hanci yake fara bincike, don warin ƙonewa ba ya ɓuya ko an goge kaya da man gyaɗa.)

INJINIYA: Ba ta ƙone ba. Amma an sha buɗe ta, kusoshin ma ba iri ɗaya ba ne. Makirfon kuma an rubuta Shure SM58, sai dai ɗauki ka ji, kamar ludayin duma. Na gaske yana da nauyi a hannu. Ana yawan yin jabunsa. Ina rasit?

SALE: Ya ce rasit ɗin na Beljiyam.

DILLALI: Ko akuya na sayar sai da shaida, don gudun ranar da mai ita zai zo da 'yan sanda.

(Aka tada janareta, aka jona lasifikar Injiniya. Fitila ta kama. Sale ya gyara wuyan riga, ya kai makirfo baki.)

SALE: Gwaji, gwaji! Ina 'yan matan amarya?

(Shiru. Ko kukan sauro babu. Ya murɗa nan, ya murɗa can. Ladan, wanda tun ɗazu ya ƙura wa na'urar ido har shayinsa ya huce, ya miƙe a hankali.)

LADAN: Ba haka ake mata ba. Ɗaga mata gindi kaɗan. Yauwa. Matsa.

(Ya nannaɗe hannun riga, ya ɗauke ta da mari a kunnen hagu. Nan take lasifika ta yi ƙara har jakin da ke ɗaure a gindin darbejiya ya amsa.)

SALE: Allahu akbar! Allah gafarta Malam, ashe kai ma injiniya ne?

LADAN: Shekara tara ina marinta kullum asuba. Injiniya, ɓare sitikar nan.

INJINIYA: (Ya ɓare, ya karanta.) "Waƙafi ne. Ba ta sayarwa ba ce."

LADAN: Rubutuna ne, da fentin da ya rage na ƙofar masallaci. Tun daren 27 ga azumi da aka ɓalle taga nake kiran salla da maƙogwaro, har muryata ta koma ta agwagwa. Ashe baiwar Allah Kano ta je yawon duniya.

MAI SHAYI: Ikon Allah! Daga masallaci zuwa Beljiyam, daga Beljiyam zuwa 'Yankaba, duk a wata huɗu.

SALE: Malam, ni fa saya na yi! Kuɗina 85,000!

LADAN: Allah ya karɓa, ya sa a mizani. Gobe Juma'a zan sa liman ya yi maka addu'a ta musamman, da ita wannan ɗin za a yi, kowa ya ji.

DILLALI: Gode wa Allah a hannun Ladan ka faɗo. Da a wani gari aka ɓare takardar nan, da yanzu kana bayan kanta kana bayanin Beljiyam.

SALE: Bari in kira mutumin. (Ya kara waya a kunne, fuskarsa ta sauya.)

MAI SHAYI: Matar nan ce ta bara?

SALE: Ita ce.

(Ladan ya saɓa amfilifaya a kafaɗa, ya haɗa da makirfon, wai jabu ma ya isa kiran magariba. Sale ya matso kusa da kakansa, ya durƙusa.)

SALE: Kaka. Ranka ya daɗe, Sarkin Kiɗa, gagara gasa. Ka san Mai Unguwa ba ya wasa, kuma rabin kuɗin nasa na cikin kwalin nan. Ka rufa min asiri ka fito da kalangu yau da dare.

SARKIN KIƊA: Yau kuma ni ne Kaka? Ba Tsoho ba? To, Hajiya Dije, ba damuwa. Turo naira 20,000 kafin alƙalami, da kuɗin mota.

SALE: Wace mota? Gidan Mai Unguwa ga shi can muna hango zaurensa!

SARKIN KIƊA: Yi sauri, mutum uku na layi. In kuma ba ka da su, hoton kalangun na nan a wayarka, sabo dal. Kai wa amarya ta taka rawa.

MAI SHAYI: Kafin ka tafi, shayi biyar mai kauri. Kuma ni ba na karɓar alat.