Gashin Zabuwar Yaya

Yaya ce ta jawo mini, kamar yadda ta saba. Da damina ta kankama zabinta suka fara ƙwai, sai ta ce tana son 'yar takardar da za ta riƙa liƙawa a jikin kiret, mai ɗauke da sunan sana'arta da hoton gashin zabuwa guda ɗaya tal. Ni kuwa da bakina ba ya shawara da ni, na ce mata wannan ai kamar shan ruwa ne, ta ba ni kwana 2. Kun dai san tun da na sayi kwamfutar nan ta hannu, wadda mai ita na farko ya bar tsohuwar Photoshop, manhajar gyaran hoto, a ciki, na naɗa kaina mai zanen gidanmu, alhali iyakar abin da na taɓa yi da ita shi ne goge ƙurajen fuskata a hoton fasfo.

A daren farko ina cikin lalube a jerin umarnin da ke sama sai idona ya faɗa kan kalmar Feather, ɗan Turancin da na kwaso a sakandare kuma ya tabbatar mini cewa ma'anarta gashin tsuntsu. Na yi hamdala, na ce lallai masu manhajar nan sun san darajar lokacin mutane, tunda har sun tanadi umarni na musamman domin masu kiwon zabi. Kalmar ta ƙi dannuwa sai da na kewaye wani wuri a jikin farar takardar, sannan wani ɗan akwati ya fito yana neman lamba. Na ɗauka girman gashin ake tambaya, kuma da yake Yaya ba ta son ƙaramin abu, sai na rubuta 250. Manhajar ta yi mini wani gargaɗi mai maganar fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, da kashi 50 cikin 100, na sallame shi ban karanta ba, na zuba baƙin launi. Abin da ya bayyana bai yi kama da komai ba sai tabon da hayaƙin aci-balbal yake bari a bango. Na gwada 100, na gwada 30, hayaƙin yana raguwa amma tsuntsu bai leƙo ba, sai na yanke hukuncin cewa umarnin ya lalace, wataƙila saboda kwamfutar ta sha hannu.

A dare na biyu na koma zane da hannu. Na ja miƙaƙƙen layi daga sama zuwa ƙasa, na jera masa ƙananan layuka dama da hagu daidai wa daida, na ɗiɗɗiga fararen ɗigo masu kyakkyawan da'ira, duk a kan leya ɗaya, wato shimfiɗa guda cikin waɗanda ake ɗora zane a kansu hawa-hawa, domin a lokacin ban san amfanin ta biyu ba. Da na lura hannuna ya karkace na nemi komawa baya, sai na tarar manhajar matakai 20 kawai take tunawa, ni kuwa na riga na ja layi ya fi a ƙirga. Na kalli aikin da idon mai shi, na ga ba laifi, na zuba shi a filas.

Shagon buga takardun da ke bakin titinmu yana da babban allo wanda yake fuskantar benci, ta yadda duk mai jiran layi yana ganin aikin wanda ke gabansa, kuma ban taɓa ganin aibin wannan tsari ba sai ranar. Yaron shagon, wanda ba zai wuce shekara 15 ba, ya buɗe hoton ya cika allon da shi, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan cikin ladabi ya ce, "Kawu, a tsaye za a buga ko a kwance?" Kafin in amsa sai wata murya ta fito daga benci tana cewa, "A kwance mana, kifi ai ba ya tsayuwa."

Wani dattijo ne mai zanna bukar, riƙe da takarda guda ɗaya da ya zo a yi masa hotonta. Na juya na ce, "Baba, ba kifi ba ne." Ya gyara tabarau ya matso har numfashinsa yana taɓa allon, ya ce, "Gaskiyarka, ɗana, kifin an riga an cinye, ƙayar ce ta rage. Karfasa ce ko?" Matar da ke kusa da shi ta ce ita a ganinta ganyen dabino ne da ƙwari suka yi wa ɓarna. Wani ɗalibi ya ce mataji ne. Dattijon bai yarda a ƙwace masa ra'ayi ba, ya leƙa waje ya kira mai rake da ke wucewa, mutumin da ba shi da wata alaƙa da shagon ko da ni ko da Yaya, ya ce ya zo ya raba gardama. Mai rake ya ajiye baro, ya shigo, ya duba da natsuwar alƙali, ya ce tsintsiyar kwakwa ce, amma fararen ɗigon ne bai gane ba.

A nan ne ya kamata in yi shiru in karɓi filas ɗina in tafi. Maimakon haka sai na ɗaga murya domin kowa ya ji, na ce laifin ba nawa ba ne, umarnin da ke zana gashin tsuntsu ne ya lalace a kwamfutata, shi ya sa na yi da hannu. Yaron ya ce, "Wane umarni, Kawu?" Na karɓi linzamin daga hannunsa, na nuna masa kalmar da yatsa, har ina ƙara masa bayanin ma'anarta kamar malami a aji. Yaron ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi ko a gaban wa, ya ciji leɓe, ya yi tari na ƙarya, amma daga ƙarshe sai da ya kifa goshi a kan tebur. Da ya samu numfashi ya bayyana mini, a gaban mai rake, cewa wannan umarni ba ya zana komai, aikinsa kawai ya tausasa gefen wurin da aka kewaye domin ya narke cikin abin da ke bayansa, lambar kuma faɗin narkewar ce a fiksel. Wato dare guda cur na kwana ina tausasa gefen abin da babu shi. Dattijon ya ce, "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne," kuma ya faɗe shi a hankali, yana kallon silin, kamar ba da kowa yake ba.

Abin da ya fi ci mini rai game da dattijon nan shi ne takardarsa guda ɗaya ce, aikin minti 1, kuma sau 2 ana ce masa layi ya zo kansa yana cewa a bar shi, ba ya sauri. Mutum mai jikoki ya bar gidansa da safe, ya zauna a kan bencin da ba nasa ba, ya mayar da wahalar ɗan wani abin kallo. Da yaron ya tambaye ni ko na zo da gashin zabuwa na gaske da zai duba, na ce a'a, dattijon ne ya fara tambayar ko ba zabi aka ce yayata tana kiwo ba, watau tsakar gidanta cike yake da abin da na kwana 2 ina ƙirƙira daga ƙwaƙwalwata. Sannan ya cire hularsa, ya zaro wani gashi daga cikin naɗinta, irin wanda ake fige jikinsa a bar ɗan tuntu a kai domin susar kunne, ya miƙa wa yaron da alfahari. Na zabuwa ne kuwa, har da ɗigo 3 a jiki.

Da wannan abin susar kunne aka koya mini zane. Yaron ya nuna mini cewa karan tsakiya ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan lanƙwasa, yana da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, kuma silin gashin ba a gicciye suke fita kamar haƙoran mataji ba, duk sun karkata suna fuskantar tsini. Ya buɗe sabon shafi a kan fiksel 300 a kowane inci, ya ce nawa a kan 72 yake, ko da ya yi kyau da dishi-dishi zai fito a takarda. Ya ja karan a leyarsa daban, ya shimfiɗa jikin gashin da toka mai duhu a wata leyar, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ya bi shi da siririn burushi mai fiksel 1 ko 2. Sai ya ɗauko kayan aikin nan mai hoton ɗan yatsa, wanda ke jan launi kamar an shafi ɗanyen fenti, ya riƙa jan bakin gashin waje sili-sili, ya sa magogi ya tsaga shi wuri 2 kamar yadda gashin gaske yake rabewa. Fararen ɗigon ma bai bar su da'ira ba, ya ja su kaɗan su bi hanyar silin, gindin kuma ya yi masa buzu-buzu kamar auduga. Da ya zo sa inuwa a ƙarƙashi, ya kewaye wurin, ya waiwayo ya dube ni, ya danna umarnin nan nawa ya rubuta 8. Duka aikin bai kai rabin sa'a ba, dattijon yana tsaye a kansa yana cewa a ƙara ɗigo.

Na biya kuɗin zane da na bugawa, na kai wa Yaya da yamma ban ce mata komai ba. Ta jujjuya takardar ta ce, "Auta, ya yi kyau, amma da na sake tunani, ba gara a sa hoton ƙwan ba, tunda shi nake sayarwa?" Na ce mata zan duba. Dattijon kuwa ashe a masallacin unguwarmu yake sallar la'asar, abin da ban taɓa lura da shi ba, kuma shekaranjiya da muka haɗu a wurin takalma ya tambaye ni yaya kasuwar kifi. Ya ce kuma in na koma shagon in karɓo masa gashinsa, ya manta shi a kan tebur.