Zafin ɗakin haya a Legas: mai gini daban, mai shan wahala daban

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin haya a Agege ko Idi-Araba cikin watan Maris ya san dare mai tsawo. Rana ta faɗi tun tuni, amma bangon bulo na ta amayar da zafin da ya haɗiya tun safe. Taga ɗaya ce, ita ma tana kallon katangar maƙwabci. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai mutum ya ja tabarma zuwa waje ya miƙa wa sauro jikinsa.

Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne. A sa abin tare zafi tsakanin kwano da silin, a zaɓi kwano mai haske maimakon baƙi, a buɗe taga a ɓangare biyu domin iskar teku ta samu hanyar shiga da fita, a yi wa tagar yamma rumfa. Soron ƙasa irin namu na Kano da Zariya yana aiki ne saboda can dare kan yi sanyi, katanga ta huce kafin asuba. A Legas dare ba ya sanyi sosai, iska kuma a jiƙe take, don haka gidan nan yana buƙatar numfashi fiye da kauri. Masana sun daɗe da sanin haka. A 2017 ma ma'aikatar wuta, ayyuka da gidaje ta tarayya, lokacin Babatunde Fashola yana minista, ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin wuta da taimakon hukumar GIZ ta Jamus. A ciki an yi maganar yawan gilashin da ya dace da bango, da inuwa, da rufi, da fitilu, da irin na'urar sanyaya ɗakin da za a sa.

To me ya hana? Amsar na same ta a bakin wani dattijo ɗan uwanmu da ke ɗora bene a kan tsohon gidansa. Na ce masa, “Alhaji, da an ƙara taga ta wannan gefen, an kuma sa wani abu a ƙarƙashin kwanon, ai da 'yan haya sun yi maka addu'a.” Ya yi dariya ya ce, “Malam, addu'a ina so. Amma ɗakin nan tun ba a yi fenti ba an biya kuɗinsa. Wanda ya shiga ba zai ƙara min ko kwabo don ya ji sanyi ba.”

Ban ga laifinsa ba, lissafinsa daidai ne. Wanda ke kashe kuɗin gini ba shi ke biyan kuɗin wuta ba, ba shi ke sayen man janareta ba. Wanda ke biya kuma ba shi da ta cewa ranar da ake aza harsashi. A garin da masu neman ɗaki suka fi ɗakunan yawa nesa ba kusa ba, ɗan haya ba ya zaɓe, kamawa yake yi. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma tambayi duk wanda ya nemi gida kwanan nan ya gaya maka abin da ejan ya ce masa. Mutumin da ke fafutukar haɗa kuɗin haya da na kamasho da na yarjejeniya ba zai tsaya tambayar ina taga ta kalla ba.

Da can ana iya kawar da kai, domin mai da wuta suna da sauƙi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin farko, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, gida mai zafi ya zama bashi da ake biya kowane wata. Sai dai ko wannan bai isa ya farkar da kowa ba. A gidajen da ɗaki goma ke kan mita ɗaya, ko ake kawo musu takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, wanda ya kashe fitila da wanda ya bar rishon lantarki a kunne kuɗi ɗaya suke bayarwa. Wa zai yi tsimi don wani ya ci riba? A ganina mitar kati ga kowane ɗan haya ita ce tubalin farko, tun kafin a zo maganar kwano.

Akwai kuma cutar burga, wadda ta fi kama masu hali. Bi ta Lekki ko Ikoyi ka ga benaye sanye da gilashi daga sama har ƙasa, kamar an ɗauko su daga Landan inda ake neman rana da kuɗi. Gini irin wannan tanda ne, in janareta ya tsaya minti goma kowa sai ya fito. Har a ƙananan unguwanni an cire tagar luba da ke buɗewa gaba ɗaya, an sa mai zamewa wadda rabi kaɗai ke buɗuwa, wai ita ce ta zamani. Amma a Ikoyin nan dai aka gina Heritage Place, wanda ya samu shaidar LEED ta gini mai tsimin makamashi. Ke nan ana iyawa in mai kuɗin ya so.

Nauyi mafi girma yana wuyan Alausa, mazaunin gwamnatin jihar Legas. Legas ce da kanta ta kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, a 2003 kotun ta ce tsara gari da ba da izinin gini hurumin jiha ne. Saboda haka ƙa'idar da aka rubuta a Abuja ba ta da haƙori sai jiha ta sa mata. Na san za a ce hukumar da ke fama da rushewar gine-gine, irin benen nan mai hawa 21 da ya faɗi a titin Gerrard a Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, ina ta ga lokacin duba taga? Hujja ce mai nauyi. Amma jami'in da ke duba zanen gini don ganin ƙarfin ginshiƙi, a takarda ɗaya zai ga inda taga take. Tun ran gini tun ran zane. Abin da nake tsoro shi ne a mai da ƙa'idar wata sabuwar ƙofar karɓar na goro. Gara a fara da zuma: wanda zanensa ya cika sharuɗɗan a rage masa kuɗin izini, a kuma fitar masa da takarda da wuri. Mai gini da ya ci bashin banki da ruwan da ya haura kashi 25 cikin ɗari ya san darajar wata guda.

Yawancin gidajen talakawa kuwa ba sa ganin mai zanen gini. Birkila da kafinta ne ke yanke shawara, mai gida ya ce to. Yawancin tarukan da ake yi a manyan otal kan wannan batu ba su taɓa kaiwa kunnensu ba. A bi su ta ƙungiyoyinsu, a nuna musu da Yarbanci da Hausa da burokan, a kan gini na gaske. Mu ma muna da tamu hanyar. Sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da Alaba Rago suna zama da masu gidaje, limamai suna ganinsu sau biyar a rana. In ɗaya daga cikin alhazan nan ya gyara ɗakuna biyu, dillalai suka fara cewa “wannan ba ya zafi” suna ƙara masa daraja, sauran za su zo kallo da kafintocinsu.