Wanke bututun ruwa ba tare da sanarwa ba rainin hankali ne

Ma'aikatan hukumar ruwa sukan zo da babbar sufana su buɗe famfon kashe gobara da ke bakin titi, ruwa ya yi ta ambaliya, kafin a ankara ruwan da ke zuba a cikin gidaje ya koma ja kamar na kududdufi, kuma babu wanda ya ce wa kowa uffan. Wannan aikin da suke kira wanke bututu ban ƙi shi ba, domin na san amfaninsa. Abin da yake ƙona mini rai shi ne yadda ake yin sa a gaggauce, babu tsari, babu gargaɗi, sannan a bar magidanta da ɓarnar da ta biyo baya.

Dalilin aikin a fili yake. Ruwan da ya daɗe a kwance cikin bututu, musamman a layukan da suka ƙare ba su haɗu da wani layi ba, yakan rasa sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kada kulorin da ya saura a ruwa lokacin da ya isa ga mai amfani da shi ya gaza miligiram 0.2 a kowace lita. Ban da wannan, tsatsar tsofaffin bututun ƙarfe da sinadarin manganis suna kwantawa a ƙasan bututu shekara da shekaru, kuma sai an saki ruwa da ƙarfi suke tashi su fice. Buɗe famfon yana kuma nuna ko zai yi aiki ranar da 'yan kwana-kwana suka buƙace shi, maimakon a gano ya cije a lokacin da wuta take cin gidan wani.

To amma wanki iri biyu ne, kuma injiniyoyin hukumar sun fi ni sani. A wanki mai tsari, ana rufe wasu bawul-bawul, wato makullan da ke tare ruwa a cikin bututu, domin a tilasta wa ruwa ya bi hanya ɗaya, ana farawa daga inda ruwa mai tsabta yake shigowa a bi layi bayan layi, da gudun da ya kai kimanin mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, domin ya kankare dauɗar ya fitar da ita ta bakin famfon. Ɗaya hanyar kuwa, wadda muke gani a unguwarmu, ita ce a buɗe famfo kawai a tsaya ana hira har ruwan da ke fita ya ɗan yi haske, a rufe a tafi. Ruwa a irin wannan yanayi yana kwararowa daga kowane ɓangare, ya tayar da lakar da take kwance ba tare da ya fitar da ita duka ba, ragowar kuma ta bi ƙananan bututu ta shiga gidajen mutane. Dauɗar da aka ce an zo cirewa, mu aka tura wa ita.

Sinadarin ƙarfen da ya wuce miligiram 0.3 a litar ruwa ya isa ya ɓata tufafi. Na ga fararen kaya da suka fito daga injin wanki da tabo ruwan ƙasa a wuya da hannuwa, mai su kuma cikin rashin sani ta ƙara musu sinadarin farar da kaya mai kulorin, wanda yake ƙara kafa tabon tsatsa maimakon ya cire shi. Wanda ya buɗe famfon ruwan zafi ya ja lakar cikin tukunyar dumama ruwa, inda za ta kwanta ta zauna. Wanda tankinsa yake cika a lokacin, sai ya zubar da ruwan gaba ɗaya ya wanke tankin. Duk wannan asara saƙo ɗaya ta waya zai hana ta: ranar kaza daga ƙarfe kaza za mu yi wanki, kada ku wanke kaya, kada ku buɗe ruwan zafi, bayan mun gama ku saki ruwan sanyi har ya washe. Hukumar da ba ta taɓa mantawa da lambar wayata ba ranar turo takardar kuɗi, yaya aka yi ta manta da ita ranar da za ta gurɓata mini ruwa?

Akwai abin da ya fi tabon kaya haɗari. Idan aka saki ruwa da yawa lokaci guda, ƙarfinsa yana faɗuwa a layukan da ke kusa, kuma idan ya faɗi sosai, gurɓataccen ruwan da ke kewaye da bututu yana iya kutsawa ta wuraren da suke yoyo. Idan kuma aka rufe famfon da sauri, ruwan da aka tsayar farat ɗaya yana dukan bututu da ƙarfin da zai iya fasa tsohon haɗi. Shi kansa ruwan da ake zubarwa, idan ya gangara rafi ba a kashe kulorin da ke cikinsa ba, yana kashe kifi.

Da na kai ƙorafi, amsar da aka ba ni ita ce ruwan ba shi da illa, in bar famfo a buɗe har ya washe. Ruwan da zan zubar ɗin nan ta mitata yake bi, ni zan biya kuɗinsa, kuma hukumar da take yi mana wa'azin tattalin ruwa ita ce take ba ni wannan umarni. Ina neman a fitar da jadawalin wankin kowace unguwa kafin ranar, a auna kulorin da gurɓacewar ruwan kafin a fara da bayan an gama a bayyana mana sakamakon, kuma a cire ruwan da muka zubar daga kuɗin wannan watan.